Makero a Shagon Baba Tsaf

Direban motar makaranta ne ya fara kawo maganar. Ya shigo shagon aski da hantsi, ko zama bai yi ba, ya juya wa madubi baya, ya ja wuyan rigarsa ƙasa.

"Baba Tsaf, dubi tsarabar da na samo a wajenku."

A ƙeyarsa, daidai inda aski yake ƙarewa, akwai wani zobe ja-ja mai ɓawo, girman marfin kwalba, tsakiyarsa fes, gefensa ya tasa. Makero ne, babu ko tantama. Baba Tsaf ya sa tabarau ya duba, ya cire ya goge, ya sake dubawa. Zoben yana nan daram.

Shekara talatin da huɗu yana aski a wannan shago, kuma ba a banza aka laƙaba masa wannan suna ba. Reza ɗaya, kai ɗaya. Bakin injin aski sai ya sha sifirit ya sha wuta kafin ya taɓa mutum na gaba. Almakashi da mataji suna kwana a kwalbar magani, tawul kuwa dafa shi yake yi a tukunya kamar mai shirin ci. In dai maganar tsabta ce, Baba Tsaf ba ya ganin kan kowa da gashi, kuma sai da ya tabbatar duk layin sun san haka.

Kujera biyu ce a shagon. Ta biyun ta Dogo ce, ƙanin matarsa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya shekara shida yana aiki a gefensa. Dogo ya iya aski, wannan ko Baba Tsaf ba ya musu. Sai dai mutum ne mai surutu, yana aski yana ɓare gyaɗa, yana goge hannu a wando. In ya gama da kai, sai ya sauko da burushi mai laushi da ke rataye a ƙusa tsakanin madubai biyu, ya zuba masa hoda kamar ba saye ake yi ba, ya yi ta shara a wuyanka har sai ka yi atishawa.

Ban da su biyu, a shagon akwai Auduga, farar mage mai dogon gashi. Don ɓeraye aka kawo ta, amma tun da ta ƙoshi ta ajiye aikin, ta koma zaman taga tana kallon masu wucewa. Kowace safiya, kafin a buɗe ƙofa, Baba Tsaf yakan ɗora ta a cinya ya gyara mata jiki. Yakan ce ba za a ga ƙazamar mage a shagonsa ba.

"Wa ya yi maka askin ƙarshe?" in ji shi ga direban.

"Dogo."

Baba Tsaf ya kalli ɓawon gyaɗar da ke ƙarƙashin kujera ta biyu.

Kafin mako ya zagayo, malamin makaranta ya zo da nasa zoben. Shi ma Dogo ne ya yi masa. Bayan kwana biyu sai ga mai nama, nasa har biyu, ɗaya a ƙeya ɗaya a bayan kunne.

"Wa ya yi maka askin ƙarshe?"

"Kai ne, Baba."

Nan fa kansa ya ɗan ɗaure. Ya sosa gemu, sannan ya samo mafita. "Wanda ya gabata fa?"

"Dogo."

"To, ka gani!"

A gaban mai nama da mutum uku da ke jiran layi ya juya kan ƙanin matarsa. Abin da ya daɗe yana haɗiyewa shekara shida ya amayar a minti biyar: gyaɗar, wandon, hannun da ba a wankewa sai an tuna. Ya ce sunan da ya gina tun Dogo yana wasan ƙasa ba zai bari a zubar masa da shi a kwata ba.

"Yaya, sifirit ɗinka nake sawa, wutarka nake sawa," in ji Dogo. "Me nake yi da ba ka yi?"

"Ni zan gaya maka? Wuyan mutane ya gaya maka."

Dogo ya naɗe wayar injinsa a hankali, ya sa a jaka, ya fita. Washegari aka gan shi ya kafa kujerar roba da ɗan madubi a rumfar tashar mota. Labari ya riga shi isa can, don haka yini yake yi yana korar ƙuda. A gida kuma matar Baba Tsaf ta rage masa magana zuwa abu biyu: ga abinci, da ruwan wanka ya yi zafi.

Shi dai ya rufe shago yini guda, ya wanke bango, ya wanke kujeru, ya dafa duk abin da zai dafu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gaya wa duk mai wucewa cewa an gano inda ɓarakar take, an kuma toshe. Mutane suka fara dawowa.

Mako huɗu da tafiyar Dogo, mai gyaran agogo ya shigo ya ja wuyan rigarsa ƙasa. Wannan mutum tun da yake bai taɓa zama a kujerar Dogo ba.

Daga nan lissafin Baba Tsaf ya watse. Ya zargi sifirit, ya ce an surka shi da ruwa, ya sauya kanti. Ya zargi hoda, ya zubar da gwangwani guda. Ya zargi reza, ya zargi ruwan famfo, har ya fara zargin cewa mutanen a wani wurin suke kwasowa su zo su ɗora masa. Yakan tsaya a tsakiyar shago, inji a hannu, ya manta ko ya ƙona bakinsa ko bai ƙona ba, sai ya sake ƙonawa. Wani bakin inji sai da ya yi baƙi ƙirin ya daina yanka. Mutum biyu suka ƙara zuwa da zobe. Masu jiran layi suka koma babu, kuma waɗanda suka shekara ashirin suna miƙa masa wuya suka fara gaishe shi daga tsallaken titi, kai a aske, aski ba nasa ba. Tsoro ya kama shi sosai, don ba shi da wata sana'a, kuma ba shi da wani abin taƙama in ba wannan suna ba.

Rannan matarsa ta kawo masa abincin rana, ta ajiye, ta naɗe hannun rigarta ta miƙa masa damtse. Zobe ne, ja-ja, cikakke.

"Ni ma Dogo ne ya yi mini aski?"

Matar da ko kujerar aski ba ta taɓa hawa ba! Ya kalli damtsen, ya kalli madubi, ya kalli rufi.

"Na je wurin mai kemis ya ba ni man shafawa," in ji ta. "Ya tambaye ni ko muna da mage."

"Mage kuma? Me ya haɗa mage da aski?"

"Ni ma ban sani ba. Ni dai na san a wannan hannun nake ɗaukar ta kullum in na zo."

Duka biyu suka juya taga. Auduga tana kwance fara sol, tana lasar ƙafa, ta fi duk wanda ke layin kyan gani.

Da ƙyar ya sa ta a kwandon tawul ya kai ta asibitin dabbobi da ke bayan kasuwa. Ya zauna a benci tsakanin wata mata mai zomo da wani mutum mai kare da bandeji a ƙafa, yana ta addu'ar kada wanda ya san shi ya gan shi. Likitar mace ce mai ƙaramin jiki da saurin magana. Ta ɗora Auduga a teburin ƙarfe ta fara buɗa gashinta da yatsu, layi-layi.

"Kin gani ko, likita? Lafiyarta ƙalau. Ko ƙuma ba ta da shi."

"Masu dogon gashi sun iya ɓoye shi, Baba. Wata ma tana ɗauke da shi ba za ka ga komai ba." Yatsunta suka tsaya a bayan kunnen hagu. "Nan fa? Wa ya rage mata gashi a nan?"

Baba Tsaf ya gyara tsayuwa. Wata biyu da suka wuce ya ga wani ɗan wuri a nan ya zube, ya yi fari-fari. Mai aski kuwa ba zai ga gefe ɗaya ya faɗa ya bar shi haka ba. Ya ɗauki almakashi ya daidaita kewayen, ya kwanto da dogon gashi a kai, ya rage ɗaya kunnen ma don su zo daidai.

"Ni ne," ya ce, da ɗan alfahari. "Ba ki ma lura ba sai da kika taɓa."

Likitar ta kalle shi ta saman tabarau. Ta ja labule, ta kashe wutar ɗakin, ta kunna wata 'yar fitila mai haske ruwan shuni. Da duhu ya rufe, Auduga ta tsorata, ta fara kokawa tana neman dirowa.

"Riƙe ta, Baba."

"Bari, na san maganinta."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro burushin nan mai laushi, wanda ya sauko da shi daga ƙusa da zai fito, don ya san in ba shi ba magen ba za ta zauna ba. Ya fara shafa mata baya da shi, kamar yadda yake yi kowace safiya. Nan take ta kwanta tana gurnani.

Likitar ta haska bayan kunnen. Gashin wurin ya ɗauki wani kore mai sheƙi, siri-siri, tun daga tushe. Ta haska haɓa, ga shi nan. Ta haska ƙafar gaba, ga shi nan. Sai hasken ya faɗa kan hannun Baba Tsaf, kuma burushin ya fi magen kanta haske. Gutsattsarin gashi ne maƙale a cikinsa, kore shar, ba su ƙirguwa.

"Wannan burushin nata ne?"

"Na shago ne."

"Kana sa wa mutane?"

"A wuya kawai. Bayan an gama." Ya ji muryarsa ta yi ƙasa. "Ai ba ya yanka, likita. Abin da ke yanka shi ake ƙonawa."

Ta kunna wuta. Baba Tsaf ya tsaya riƙe da burushin. Ya wanke bango, ya dafa tawul, ya ƙona inji har ya lalace, amma wannan abu bai taɓa ganin ko ruwan sabulu ba, don a ilimin da ya koya tun yana saurayi, ƙarfe ne yake ɗaukar cuta. Dogo ya fi shi yawan shara da hoda, shi ya sa mutanen Dogo suka riga kamuwa. Da Dogo ya tafi, burushin ya zama nasa shi kaɗai.

Likitar ba ta bar shi ya gama wannan tunani ba. Ta ce makero ɗan tsiro ne dangin fumfuna, yana cin gashi da saman fata, kuma irinsa yana iya fin shekara a gashin da ya zube bai mutu ba. Ta ce fitila ba ta isa shaida ita kaɗai ba. Ta tsige 'yan gashi, ta ɓare sabon burushin haƙori ta taje magen da shi kaf, ta danna shi a wani ɗan faranti mai murfi, ta ce sai an jira mako biyu a ga abin da zai tsiro. Amma magani yau za a fara.

"Maganin sha, da sirinji a baki, kullum sau ɗaya. Mako ɗaya a ba ta, mako ɗaya a huta, har zagaye uku. Wanka da ruwan farar wuta sau biyu a mako, kada ka ɗauraye."

"A makon hutun ma?"

"Hutun na sha ne. Wanka ba hutu."

"In na yi mata wankan in ɗauraye da me?"

"Na ce kada ka ɗauraye. Ka bar shi ya bushe a jikinta. Ka sa safar hannu. Ka killace ta a ɗaki ɗaya mai sauƙin wankewa. In gashi ya fito, kada ka ce ta warke, sai na sake gwadawa na ce maka."

Ya ce ta maimaita, ta maimaita, ya ƙara rikicewa. Daga ƙarshe ta rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe. Ta miƙo masa leda ta ce ya jefa burushin a ciki, ta ƙulle da kanta.

"Abu ɗaya kuma, Baba. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ya fito a jikin mutum. Duk wanda ka share wa wuya kwanan nan, ya kamata ya sani, ya riƙa dubawa. Yana jin magani in an fara da wuri."

A banɗakin bayan gida suka yi wankan farko, shi yana zubawa, matarsa tana riƙe da ƙafafu. Ruwan yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Auduga ta shiga fara ta fito ruwan ɗorawa, ta ƙanƙance kamar an matse tsumma, tana kallonsu da idon da ba za ta yafe ba. Ya ba matarsa labarin fitilar, ya ba ta labarin kunnen. Labarin burushin sai da ya zagaya sau biyu kafin ya faɗa.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta cire safar hannu ta ce, "To, yanzu me za ka gaya wa mutane?"

Wannan ita ce tambayar da yake gudu tun a hanya. Likita ba 'yar layinsu ba ce. Burushi ya tafi, mage tana kulle. In ya yi shiru, nan da wata guda zoben zai ƙare da kansa, mutane su ce ragowar ta'asar Dogo ce, su dawo. In kuwa ya yi magana, shi ne mai askin da ya share wuyan layi guda da burushin mage.

"Ban sani ba," ya ce. Gaskiyarsa ya faɗa.

"Yaran Dogo an daina zama kusa da su a makaranta," in ji ta. Ta ɗauki bokiti ta fita.

Da safe ya buɗe shago, ya rufe, ya sake buɗewa, ya tsaya da makulli a hannu bai san wanda yake nufin yi ba. Sai ƙafarsa ta ɗauke shi zuwa tashar mota. Dogo yana zaune a kan kujerar da ya kamata wanda za a yi wa aski ya zauna, jakarsa a cinya. Direbobi suna shan shayi a gefe, har da na motar makaranta.

Baba Tsaf ya yi niyyar jan Dogo gefe. Da ya tuna a gaban mutane ya tozarta shi, sai ya tsaya inda yake ya ɗaga murya. Bayanin bai fito a jere ba. Ya fara da fitila, ya koma kunne, ya shiga mako ɗaya a sha mako ɗaya a huta, har wani ya ce, "Baba, wai wa ke shan maganin, kai ko Dogo?" Sai ya ja numfashi ya faɗe ta a miƙe.

"Makeron daga magena ne. Da burushin wuya nake taje ta kullum. Ni na sa muku, ba Dogo ba. Duk wanda na yi wa aski a watan nan ya duba ƙeyarsa."

Direban motar makaranta ya kai hannu wuyansa. Wani ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi, saura suka bi.

"Dogo, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Dogo bai ɗago ba. "Na ji, Yaya."

Iyakar abin da ya samu ke nan. Kafin ya iso shago labari ya riga shi, har an sauya masa suna zuwa wanzamin mage. Ranar ba wanda ya shigo. Washegari ma haka. 'Yan tsirarun da suka rage masa suka ɗauke ƙafa, kuma ya ji cewa a tasha har layi ake yi wa Dogo. Ya yi murna da wannan, ya kuma ji zafinsa, bai san wanne ya fi yawa ba. Yakan zo da safe ya share shagon da ba wanda ya ɓata, ya jera almakashi, ya zauna yana kallon titi har lokacin ba mage magani ya yi.

A rana ta biyar, da la'asar, lokacin da layin ya fi cika, Dogo ya sunkuyo ya shigo. Ba jaka a hannunsa. Baba Tsaf ya miƙe da sauri har tabarau ya faɗi.

"Kujerarka tana nan, ban taɓa ta ba. In kana so ma ka ɗauki ta wajen taga..."

"Ba wannan ya kawo ni ba. Ban huce ba tukuna, Yaya, kada ka ɗauka na huce."

Ya buɗe ƙofar shagon duka biyu, ya tokare su da dutse. Ya kama kujerar Baba Tsaf ya ja ta har bakin ƙofa, inda mai nama da mai gyaran agogo da duk mai wucewa za su gani. Ya zauna, ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa.

"Aski na zo. Ka kwashe shi duka, ka gyara ƙeyar sosai."

Baba Tsaf ya ɗauko ƙyalle ya yafa masa. Sau biyu yana ƙoƙarin ɗaurewa igiyar tana kuɓuce masa, don idonsa ya cika. A tsallaken titi mai nama ya ajiye wuƙa yana kallo.

"Yi a hankali," in ji Dogo. "Ba sauri nake ba."

Ya sunkuyar da kai, ya miƙa masa wuya.